A Ba Ni Ita

Ranar da na je kwas ɗin masu aikin sa-kai, da ƙyar na danne dariyata. An tara mu a wani ɗaki mai sanyin tsiya a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, ba nisa da asibitin da nake aikin ba da magani, aka kawo wata mata mai tabarau ta koya mana yadda ake zama da yaro. Ni da na tashi a gidan da sai an ƙirga kawuna kafin a ɗauko kwanukan tuwo, wai ni za a koya wa zama da yaro. Na dai kama bakina, tunda ni na kawo kaina. Shekarar dubu biyu da goma sha takwas ce, kuma ranakun Asabar sun ishe ni. Abokiyar zamana a Karama takan tafi wajen 'yan'uwanta tun yammacin Alhamis, ta bar ni da bango huɗu da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. In na gama wanki da kiran gida, sai in rasa inda zan sa kaina.

Matar ta jero mana dokoki. Kada a yi wa yaro alkawarin da ba a da tabbacin cikawa, kada a kai masa kyauta sai mai riƙonsa ya sani, kada a tono masa labarin baya sai in shi ya ɗauko. Na ce a raina, wannan ai ko kakata ta sani, ba tare da ta zauna sanyi ya kaɗa ta ba. Da aka tambayi harsunan da muke ji, na ce Hausa da Turanci da Larabcin da na kwaso a Khartoum lokacin karatu. Hausar ce ta sa bayan wasu makonni mai tabarau ta kira ni, ta ce akwai yarinyar da take ganin za mu dace.

Shekarar yarinyar tara. Uwarta Bahaushiya ce, ta zo aikin gida, bizarta ta ƙare, ta ci gaba da zama a ɓoye har ciwo ya kayar da ita ta rasu, lokacin yarinyar na wajen shekara biyar. An nemi uba da dangi ba a samu ba. Ta zauna a gidan yara na wani lokaci, wasu mutane suka ɗauke ta, suka riƙe ta kusan shekara suka mayar. Daga nan ta dawo hannun matar da na same ta a wurinta, 'yar ƙasa, tsohuwar malamar firamare wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka yi aure suka watse. Yarinyar na kiranta Yumma, yadda 'yan nan ke kiran uwa. Ni ma ban san ranar da na bi sahu ba.

Gidan yana can bayan Muhaisnah. Nakan hau jirgin ƙasa na metro har ƙarshen layi, in shiga bas, mu wuce gidajen leburori inda ake shanya kayan aiki a kan kowane ƙarfen baranda, sannan mu ɓulla unguwar dogayen katangu da itatuwan dabino. Ranar farko yarinyar ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har takalmi, ta saurari gaisuwata, sannan ta juya wajen Yumma ta ce, "Larabcinta irin na direban motar makarantarmu ne." Yumma ta tsawata mata. Ni kuwa nan take ta shiga raina, don ina son yaro mai baki.

Baki kam tana da shi. Ta iya musu a kan abin da ta san ƙarya ne, ta iya maguɗi a ludo tana kallon idona, kuma tana da wata kyanwa mai yagaggen kunne wadda ta fi kowa daraja a gidan. Aikina bai taka kara ya karya ba. Mu yi aikin makaranta, in yi mata kitso tana ihu kamar ana yanka ta, in lokacin sanyi ne mu taka zuwa filin wasan unguwa. Abin da ya rage mata na Hausa bai wuce wanda uwa ke jefa wa ƙaramin yaro cikin gaggawa ba: zo nan, bari, sauka, ci abinci, yi barci. Ban zaunar da ita na ce zan koya mata ba. Ina kitso ina surutuna da Hausa, ita tana amsawa da Larabci, har watanni suka ja, na lura ta daina tambayata ma'anar abin da na ce. Wata rana na ja mata gashi da ƙarfi, ta ce, "Wayyo Allah, Anti!" da muryar da ba a koya a makaranta. Sai da na tsaya na ɗan huta kafin na ci gaba da kitson.

Ban taɓa jin tausayinta irin wanda sauran masu sa-kai ke ji wa yaransu ba, kuma ina ganin shi ya sa muka shirya. Ni ma 'yar riƙo ce. Ina shekara biyar ƙanwar babana, Goggo, ta ɗauke ni daga garinmu ta kawo ni Kano, a ɗakinta na girma, ita ta yi mini komai har jami'a. A wurinmu wannan ba labari ba ne. A ajinmu na firamare ba za a rasa goma da ke hannun goggo ko inna ko kaka ba, kuma ba wanda ya taɓa tara mutane a ɗaki don a tattauna halin da muke ciki. Uwata na nan da ranta, nakan je hutu, mu gaisa kamar yadda ya dace. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta faɗin sunana, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba. Haka na ga ana yi, haka na ɗauka duniya take.

Goggo 'yar kasuwa ce, kuma tun kafin in san zan zauna a Dubai take zuwa sarin kaya. Takan sauka a wani ƙaramin otal a Deira da 'yan Kano suka mayar gidansu, ta cika ɗakin da abayoyi da takalma da turare har a rasa wajen salla. Kafin azumin shekarar da ta biyo baya ta zo sayen kayan salla. Na je gaishe ta, na ba ta labarin inda nake zuwa ranar Asabar, sai ta ajiye abayar da take dubawa.

"'Yar Hausawa a hannun Larabawa? Ba dangi, ba kowa?"

Na ce, "Tana cikin gata, Goggo. Matar tana sonta."

"Ban ce ba ta sonta ba. Kai ni in gan ta."

Na nemi izinin mai tabarau, ta ce in dai mai gida ta gayyata babu laifi. Yumma kuwa har faɗa ta yi mini, wai uwata ta zo gari ina neman izini kamar baƙuwa. Ta dafa shinkafa da kifi irin tasu mai busasshen lemon tsami, ta shimfiɗa leda a ƙasa, muka zauna mu huɗu. Tsofaffin biyu ba mai jin harshen wata, in ban da Larabcin ciniki da Goggo ta tsinta a kasuwa, amma kafin a sha gahawa sun gama sanin ciwon gwiwar juna. Ni ce tafinta, ina juya wannan ina juya wancan, abincina ya huce a gabana. Yarinyar ta durƙusa ta gaida Goggo da Hausa yadda na koya mata, Goggo ta jawo ta jikinta tana shafa kitson, tana cewa ƙawata, ƙawata. Na ji daɗin ranar ƙwarai.

Da aka kawo kaskon turaren wuta, wanda a gidajensu shi ne alamar zama ya zo ƙarshe, Goggo ta miƙe tana gyara mayafi. Sai ta yi abin da kowace baƙuwa ke yi a garinmu in ta ga yaro ya burge ta. Ta kama hannun yarinyar ta ce, "Hajiya, wannan kam a ba ni ita. A haɗa mata kayanta, da ita zan koma Kano."

Na sha jin wannan magana tun ina ƙarama. Ana faɗa wa jariri, ana faɗa wa mai rarrafe, yaro ya ruga bayan uwarsa, a yi dariya a rabu. Yabo ne, hanyar cewa Allah ya ba ki abin so. Na juya wa Yumma da Larabci ina murmushi. Su ma suna da tasu al'adar: in baƙo ya yaba abu a gidanka, sai ka ce nasa ne, ko da motarka ce. Yumma ta dafa ƙirji ta ce, "'Yarki ce, gidan ma naki ne." Na juya wa Goggo. Muka yi dariya mu uku, aka raka mu ƙofa. Mutum biyu ne kaɗai a ɗakin suka ji maganganun nan biyu ba tare da tafinta ba, ni da yarinyar.

Asabar ɗin da ta biyo na tarar da wata yarinya daban. Ta gama aikin makarantarta kafin in zo. Muka yi ludo ba maguɗi, na cinye ta, ta ce mabruk, wato barka. Da na zaunar da ita kitso ko uffan ba ta ce ba. Sai tambayoyi take yi, a hankali, da Hausarta mai ɗingishi. Akwai makarantar 'yan mata a Kano? Ana jin Larabci a can? Ana barin kyanwa ta shiga jirgi? Yaushe Goggo za ta koma? Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ɗauka zuwan Goggo ne ya tayar mata da son sanin asalinta. Na zage ina ba ta labarin Kano, ganuwa da kasuwa da masa da miyar taushe, har da ƙari. Na ce mata Goggo sai ƙarshen mako mai zuwa, in an gama ɗaure kayanta. Ta gyaɗa kai ta ce to.

Tsakiyar mako ina wurin aiki Yumma ta kira ni. Ba ta saba kira ba sai saƙon murya, don haka na fita waje na amsa. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci sai an tsare ta. Ta ce ta je gidan maƙwabta ta koya wa 'yarsu yadda ake ba kyanwar abinci da inda take son a sosa mata. Yau kuma tana shara ta jawo jakar makaranta ta bara daga ƙarƙashin gado, cike da kaya a ninke: riguna, hijabin salla, buroshin haƙori, da kofin da take shan madara. Ta tambaye ta, ta ƙi magana. "Ke take gaya wa abubuwa," in ji Yumma. "Zo, Allah ya kiyaye ki."

Da na tashi aiki na wuce can. Na sami yarinyar a tsakar gida a gindin dabino, kyanwar na kan cinyarta. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Ina za ki da jaka?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Kano."

"Wa ya ce za ki Kano?"

"Goggo ta roƙa. Yumma ta ce 'yarki ce. Ke kuma kin gaya mini makarantar can."

Na ce, "Haba, wasa ne! Haka manya ke yi a garinmu. Ba inda za ki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta ci gaba da shafa kyanwar, ta koma Larabci, wanda shi take yi in maganar ta yi mata nauyi. Ta ce a wancan gidan ma suna dariya ranar. Sun ce mata za ta je ta gaida ƙawayenta na gidan yara ta dawo, ba su ma bar ta ta ɗauki kofinta ba. Shi ya sa wannan karon ta haɗa kayanta da kanta.

Na ce, "Kina son zuwa Kanon?"

Ta girgiza kai.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ba ni aka tambaya ba. Yumma aka tambaya."

Yumma ta fito ta rungume ta, ta rantse da Allah ba inda za ta, ta ce maganar baki ce kawai irin ta karɓar baƙi. Yarinyar ta ce to, Yumma. Irin to ɗin da yaro ke cewa don babba ya ƙyale shi. Da na leƙa ɗakinta kafin in tafi, jakar na nan a ɗaure, ta ma matso da ita kusa da ƙofa. Na kira mai tabarau na gaya mata komai, ina jiran ta tuna mini dokokinta. Ba ta yi ba. Ta ce yaron da aka taɓa mayarwa ba ya yarda da lallashi, abin da ya gani da idonsa yake riƙewa. Ta ce mu yi tunani, kuma kada mu bari Goggo ta bar gari a haka.

Washegari na je Deira da fushina. Na tarar da Goggo zaune a kan kwalin kaya, tana jiran mai kargo, tana faɗa da shi a waya. "Yalla mana, Alhaji, tun safe kake cewa shwayya shwayya, kwantenar za ta jira ni ne?" Da ta ajiye na zayyana mata abin da ya faru. Sai ta yi dariya, ta ce yaran zamani, wasa ma sai an yi musu tafsiri. Na ce ba abin dariya ba ne, yarinya ta daina cin abinci. Ta ce to ai sai a gaya mata wasa ne. Na ce an gaya mata.

Ta ɗauki wata igiya tana naɗewa a hannu. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, kamar mai ba da labarin farashin atamfa, "Ai ke ma haka aka yi."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Na je suna garinku, kika maƙale mini, duk inda na yi kina riƙe da zanena. Da zan tafi na ce a ba ni ita. Wallahi wasa na yi. Na fito zan hau mota sai ga uwarki da ƙullin kayanki a ɗankwali. 'Yar fari, ga ni ƙanwar miji, a gaban mutane. Ta ina za ta ce a'a? Ni kuma ta ina zan ce mayar, ba na so?"

Na daɗe ina ɗauka an zauna ne an yi shawara, babana da ita da manya, an duba makaranta da tarbiyya aka yanke. Haka nake gaya wa kaina, haka nake gaya wa duk wanda ya tambaya. Na zauna a bakin gado a kan tulin abayoyi masu leda, suna ƙara a ƙarƙashina.

Na ce, "Da ta ce a'a fa?"

"Da na bar ki mana. Lokacin ko ɗakin kirki ba ni da shi." Ta ɗago ta dube ni. "Kin wulaƙanta a hannuna ne?"

"A'a, Goggo."

"To."

Gaskiya na faɗa mata. Ban wulaƙanta ba, ko kusa. Amma ina zaune a wurin, mace mai shekara talatin da ɗoriya, na gano wani abu a raina wanda ban san yana nan ba. Ba na jin haushin uwata. Na san kara, na san abin da za a ce da ita a gari da ta buɗe baki ta hana dangin miji 'yar fari. Sai dai na gane cewa a duk rayuwata ban taɓa jin wani ya ce ba zai bayar da ni ba, kuma ina so in ji. Abin da yarinyar nan ta tsaya jira ke nan a bakin ƙofa ranar da muke dariya.

Na ce, "Goggo, sai kin koma gidan."

"In ce na fasa?"

Na yi tunani na ce a'a. In ta ce ta fasa, yarinyar za ta ɗauka an duba ta ne an ga ba ta yi ba, kuma gobe wata baƙuwar na iya zuwa ta roƙa. Na ce, "Ki sake roƙa. A gabanta. Matar ta hana ki."

Goggo ta ce, "Ni za a kira gida a hana ni abu a gaban yara?" Ta yi tsaki, ta ɗauki waya ta sake kiran mai kargo. Sai da ta gama masifarta ta ce in zo in ɗauke ta ranar Asabar, kuma in zo da tasi, ba za ta hau bas ba.

Shawo kan Yumma ya fi wuya. Ta ce abin kunya ne, mace ta girme ta, ta ci abincinta, ta dube ta ido da ido ta ce ba za ta ba ta ba? Ta ce ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba. Na ce ai shiri ne, Goggo ta sani. Ta ce ko da shiri ne harshenta ba zai juya ba. Sai na ce mata ta je ta dubi inda jakar take. Sai ta ce Allah ya kawo ku lafiya.

Ranar Asabar muka zauna a falo, aka zuba gahawa. Yarinyar ta sa rigarta mafi kyau da takalmi, a cikin gida, ba wanda ya ce ta sa. Ta zauna a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa. Goggo ta kurɓi gahawa ta ajiye ta ce, "Hajiya, gobe zan tafi. Na zo maganar yarinyar nan. A ba ni ita."

Na juya maganar zuwa Larabci. Yumma ta fara kame-kame. Ta ce Goggo mai alheri ce, ta ce zuwanta haske ne, ta ce yarinyar tana tsakiyar zangon karatu, wataƙila in an yi hutu, in Allah ya so. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai. Wataƙila in an yi hutu ai ba hani ba ne, ɗaga rana ne.

Goggo ba ta jira na gama juyawa ba, ta ga fuskar matar ta gane. Sai ta gyara zama irin wanda take yi in ta shiga shago da niyyar ba za ta fita ba sai da kaya. Wannan ba ya cikin shirinmu. Ta ce makaranta ba matsala ba ce, akwai makarantu a Kano. Ta ce yarinyar jininmu ce, harshenmu ne a bakinta, kamanninmu ne a fuskarta. Ta ce Hajiya ta tsufa, ga ciwon gwiwa, 'ya'yanta na cikinta suna nan, me za ta yi da 'yar wasu? Ta ce in Hajiya ta mutu wa zai riƙe yarinyar? Ina juyawa da ƙyar, don maganganun sun yi kaifi, kuma na kasa gane ko Goggo wasa take yi ko ta fara yi da gaske.

A kan 'yar wasu ne Yumma ta ajiye kofinta da ƙarfi har ya fantsala. Fuskarta ta canza, ta koma malamar da na tabbata yara sun ji tsoro a aji. Ta miƙa hannu ta jawo yarinyar ta tsayar da ita tsakanin gwiwoyinta. Ta ce, "La. Wallahi la. 'Yata ce. Khalas."

Aikina ne in juya, sai na juya na fuskanci Goggo. Na ce, "Ta ce a'a. Ba za ta ba ki ita ba. Ba za ta bayar da ita ba, ko ke ko wani, ko an yi hutu ko ba a yi ba. Ko duk dangi za su taru a ƙofar gida, ko za a zage ta a gari a ce ba ta da kara, ba za ta ɗaure mata kaya ba. 'Yarta ce, tana sonta, a nan za ta kwana."

Goggo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya wajen Yumma ta buɗe tafukan hannu ta ce, "To, Hajiya, na haƙura. Kin fi ni. Allah ya raya miki ita." Ta ce wa yarinyar, "Ƙawata, kin ji, an hana ni ke."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi Yumma. Ta juya ta cusa fuska a wuyan Yumma, kafaɗunta suka fara rawa, sai kukan ya ɓalle, mai ƙarfi, irin na ƙaramin yaro. Yumma na jijjiga ta tana habibti, habibti, ita ma hawaye na zuba. Ba wanda ya tuna da turaren wuta. Muka sa takalmanmu muka fita da kanmu, muka ja musu ƙofa.

Muka shiga tasi ni da Goggo, har muka wuce gidajen leburori. Tana kallon waje ta ce, "Ni dai Larabcin kasuwa na iya, amma na san tsawon magana. Abin da matar nan ta faɗa bai kai rabin abin da kika gaya mini ba."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

"Sauran na wa ne?"

Ina son matar nan da ta raine ni fiye da yadda zan iya faɗa, kuma duk da haka na so a ce an hana ta ni. Ta laluba ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta, ta riƙe shi gam kamar za mu tsallaka titi, har muka isa Deira.